Badamasi da Tushen Manhaja

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Na baya ku matso, lasifikar nan yau ba ta da lafiya. Sunan mutumin Badamasi, sana'arsa gyaran kwamfuta da sa mata manhaja. Na ga wasu sun ɗago kai, wai Malam, kwamfuta kuma a wa'azi? E, kwamfuta. Amana ba ruwanta da ko sana'a tsohuwa ce ko sabuwa, duk inda mutum yake neman abinci nan za ta same shi.

An daɗe da yin abin. Lokacin kwamfuta tana da ƙaton kai, mutum ba ya ɗaga ta sai da nishi. Ba wayar shafawa a aljihun kowa. Intanet kuwa sai ka shiga mota ka je babban birni, ka zauna kana jiran abu ya sauko kaɗan-kaɗan. Kwamfutocin garin duk 'yan gwanjo ne, an gama cin moriyarsu a wata ƙasa aka turo mana. Da su masu shagon buga takardu suke cin abinci, da su makarantu suke buga jarrabawa. Sababbin manhajoji sun fi ƙarfinsu, ka sa musu su yi ta nishi su tsaya cak. Ga kuma ɗauke wuta. Mutum ya wuni yana buga takarda, a ɗauke wuta, aikin ya tafi, sai dai ya riƙe kai.

To ku saurara, sai na ɗan fahimtar da ku sana'ar, in ba haka ba labarin zai wuce ku. Manhaja iri biyu ce. Akwai wadda ake sayar maka a game, kamar tuwon sayarwa, ka ci dai, ba ka san abin da aka zuba ba, ba ka da ikon ƙarawa ko ragewa. Akwai kuma wadda masu ita suke ba ka tushenta, wato asalin rubutun da suka rubuta layi-layi, kamar a ba ka gari da kayan miya a ce je ka tuƙa da kanka. Kai za ka zauna gaban kwamfuta ka ba ta umarni. Ta fara dubawa ko akwai duk abin da aikin yake bukata, sannan ta shiga juya wannan rubutu tana mayar da shi abin da inji yake ganewa. Wannan shi masu sana'ar suke ce wa haɗa manhaja daga tushe.

Wasu mutane ne a ƙasashe daban-daban, yawancinsu ko ganin juna ba su taɓa yi ba, suka rubuta irin waɗannan manhajoji, har da babbar da take tuƙa kwamfutar ɗungurungum, wadda ake kira Linuks. Suka sake su ga duniya. Suka ce ɗauki, yi aiki, gyara yadda kake so, ka karɓi ladan aikinka ma in ka ga dama. Amma da sharaɗi. Ku riƙe sharaɗin nan, don shi ne kan labarin. Suka ce in ka gyara ka sa wa wani, to duk ranar da ya nemi tushen, da gyaranka a ciki, ka ba shi, kamar yadda kai ma aka ba ka.

Badamasi ya je birni ya sauko da tushen wata manhajar buga takardu, ya zo da shi a faifai. Ya zauna a ɗan shagonsa na bayan kasuwa ya duƙufa. Allo baƙi, farin rubutu yana ta gudu sama, sai can ya tsaya, kuskure ya fito. Ya karanta, ya gyara, ya sake. A ɗauke wuta ana tsaka da haɗawa, ya ce Alhamdulillahi, ya tafi masallaci, in an dawo da ita ya ci gaba daga inda ta tsaya. Haka ya yi ta fama har damina ta shiga ta fita. Ya rage mata nauyi, ya cire duk wani ƙyale-ƙyalen da ba a bukata, ta zama tana gudu a kan kwamfutar da kowa ya yanke wa ƙauna. Sannan ya ƙara mata wata dabara ta kansa, tana adana rubutu da kanta a kai a kai, ko an ɗauke wuta aikinka yana nan.

Kai jama'a, sai kasuwa ta buɗe masa. Masu buga takardu suka yi ta ɗauko kwamfutocinsu a baro, a bayan babur, wani ma a ka. Shi kuwa duk wanda ya sa wa sai ya gaya masa: "Wannan ba tawa ba ce ni kaɗai. Wasu ne suka rubuta, na ƙara nawa. Duk ranar da ka so tushenta, haƙƙinka ne, ka zo ka karɓa." Su yi dariya su ce, "Malam Badamasi, mu da ko karanta shi ba za mu iya ba, mu yi me da shi?"

A garin akwai wani mai irin sana'ar, sunansa Sabi'u. Shagonsa babba ne a bakin tasha, yana da janareto, yana da mota, yana da ma'aikata. Da farko ba ya ganin Badamasi da gashi. Manhajar matsiyata yake kiranta, yana gaya wa mutane wai lalata kwamfuta take yi. Ana nan sai labari ya fito cewa ƙungiyar makarantun yankin za ta zaɓi mutum guda ta ba shi aikin kula da kwamfutocinta duka, kuma wannan manhajar suke so, don malamai sun gaji da asarar takardun jarrabawa. Wanda ya samu aikin nan ya samu abincin shekaru. Badamasi yana da iyali, ga mahaifiyarsa a hannunsa, shagon kuma kullum abin da aka samu ranar shi ake ci. A duk garin ba mai iya haɗa manhajar sai shi, saboda haka kowa ya san aikin nasa ne.

Sabi'u ba wawa ba ne. Sai ya aika da wata tsohuwar kwamfuta shagon Badamasi aka sa mata manhajar, ya biya ladan aikin. Bayan kwana biyu sai ga shi da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa ko zama bai yi ba.

Ya ce, "Malam Badamasi, na ji kana cewa duk wanda ka sa wa, in ya nemi tushe haƙƙinsa ne. To ka sa mini. Na zo karɓar haƙƙina."

Badamasi ya gane inda aka dosa. Ya ce, "Gaskiya ne, haka nake faɗa. Ka dawo gobe da hantsi, zan zuba maka a faifai."

Badamasi yana da wa, Ilu, mai sayar da taki a kasuwa. Da labari ya kai masa ya rufe rumfa ya taho a fusace.

Ya ce, "Badamasi, kanka ɗaya kuwa? Mutumin da ya gama zubar maka da mutunci a gari, shi za ka ɗauki wahalarka ka miƙa wa?"

Ya ce, "Yaya, da sharaɗi na karɓa."

"Sharaɗin wa? Su waye? Sun san ka? Sun san garin nan? Akwai alƙalin da zai kira ka a kan wannan?"

Ya ce, "Babu."

Ilu ya sassauta murya, ya matso. Ku saurara da kyau, nan ne wurin. Shaiɗan in ya ga ba za ka yi ɓarna a fili ba, sai ya kawo maka wadda take kama da gaskiya. Ilu ya ce, "To shi ke nan, ba shi. Amma a cikin tarin rubutun nan, babu wani ɗan abin da za ka cire wanda ba zai gane ba?"

Badamasi ya sunkuyar da kai ya ce, "Akwai."

Don wallahi akwai. Akwai wani ɗan fayil a ciki, shi yake gaya wa kwamfuta wane ɓangare za ta fara haɗawa, wane zai biyo baya. In ya goge 'yan layuka a cikinsa, faifan zai fita cike, sunayen komai suna nan, ido ba zai ga giɓi ba. Sabi'u zai ba da umarni, rubutu ya yi ta gudu, can ya tsaya, kurakurai su zubo masa, ya yi ta lalube har ranar da ƙungiya za ta yi zaɓe ta wuce. Ba wanda zai ce Badamasi ya hana. Za a ce Sabi'u ne bai iya ba.

Ilu ya ce, "To ka gani! Ka cika sharaɗi, ka tsira da abincinka. Ka tuna Inna, ka tuna 'ya'yanka."

Kada ku ɗauka Badamasi bai ji maganar ba. Ya ji ta har cikin ransa. Washegari da safe ya buɗe fayil ɗin nan, ya kai yatsa kan maɓallin gogewa, ya daɗe a haka. Mutum ne, yana son abincinsa kamar yadda kowannenku yake son nasa. Sai ya ce a ransa, mutanen nan da suka ba ni, cikakke suka ba ni. Ba su san ni ba, ba su san addinina ba, ba su ɓoye mini layi ɗaya ba. Ni da nake sallah zan zama wanda ya fara ɓoyewa? Ya yi ta'awwuzi, ya janye hannunsa, ya rufe fayil ɗin yadda yake. Ya zuba komai a faifai, da tushen, da gyaransa, da dabarar adana rubutu, bai rage komai ba.

Sabi'u ya zo da hantsi ya karɓa, ko godiyar kirki bai yi ba.

Kun ce an gama? Ba a gama ba. Bayan 'yan kwanaki sai ga Sabi'u ya dawo yana huci, a gaban mutane. Ya ce, "Dama na san za a rina! Rabi ka ba ni. Na haɗa ta ƙi haɗuwa, kuskure kawai take zubo mini."

Ilu yana wurin. Daɗi ya kama shi, ya raɗa wa ƙanensa, "Allah ne ya yi maka, kai ba ka cire komai ba. Yi shirunka."

Kuma fa jama'a, da ya yi shiru ba mai cewa ya ci amana. Ya riga ya bayar. Amma Badamasi ya san ba don faifai aka kafa sharaɗin nan ba, don wanda aka ba ya iya haɗawa da kansa aka kafa shi. Ya miƙe ya ce, "Malam Sabi'u, mu je in gani." Ya ja ƙofar shagonsa ya rufe, da rana tsaka, masu jira suna jira. Suka je bakin tasha. Ya zauna ya karanta kuskuren, sai ya ga ashe wani ɓangare ne da manhajar take jingina da shi babu a kwamfutar Sabi'u, shi a tasa ya daɗe da sa shi har ya manta ana bukatarsa. Ya ce, "Laifina ne, ban gaya maka ba." Ya koma ya ɗauko, ya sa, ya ce Sabi'u ya ba da umarnin da hannunsa. Suka zauna rubutu yana gudu, suka yi azahar, suka yi la'asar, yana gudu, har ya kai ƙarshe ba kuskure. Manhaja ta tashi a shagon Sabi'u.

Yanzu na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce ranar zaɓe aka ba Badamasi aikin. Ba a ba shi ba. 'Yan ƙungiya suka duba, mutum biyu sun iya abu ɗaya, ɗaya yana da mota da janareto da ma'aikata, ɗaya yana da keke. Suka ba Sabi'u.

Badamasi ya ji ciwo. Wallahi ya ji ciwo, ba zan rufe muku ba. Ya koma gida ya kasa cin abinci. Ilu ya daina yi masa magana, sai gaisuwar dole. Mutanen kasuwa wasu suka ce mutumin kirki ne, wasu suka ce sakarai ne, kuma masu cewa sakarai sun fi yawa. Masu kawo gyara suka ragu, don yanzu shagon bakin tasha ma yana sa manhajar. Badamasi ya ci gaba da buɗe ɗan shagonsa, abin da Allah ya kawo ya ci da iyalinsa. Duk wanda ya sa wa manhaja kuma bai fasa gaya masa cewa tushe haƙƙinsa ne ba.

Shekaru suka tafi. Sai Allah ya jarrabe shi da ciwon ido. Da farko gefe-gefe ne yake duhu, yana matsawa kusa da allo, yana ƙara girman rubutu. Aka je asibiti, likita ya ce irin wanda ba ya dawowa ne. A hankali a hankali har farin rubutun nan da yake gudu a baƙin allo ya daina ganinsa. To mai haɗa manhaja in bai ga kuskuren da ya fito ba, me zai gyara? Ya rufe shago. Ya koma zaure ya zauna, mutumin da bai taɓa roƙon kowa ba ya zama sai abin da Ilu ya aiko. Hannunsa lafiya, kansa lafiya, iliminsa yana nan, amma ba hanyar aiki da shi. Wannan zaman ya fi makantar ci masa rai.

Ran nan da hantsi sai ya ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka yi sallama, ya gane muryar Sabi'u ce. Ya ji ana shigo da kaya ana ajiyewa a kan tabarma, ana jan waya.

Sabi'u ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Malam, na zo da magana. Cikin makarantun da nake kula da su akwai ta makafi. Akwai wani malami a can, Malam Haladu, mai son sanin kan abubuwa. Wata rana ya ce in ba shi tushen manhajar nan. Wallahi Malam, na so in hana shi. Har na shirya ƙaryar da zan yi masa. Sai na tuna ranar da ka rufe shagonka ka zo ka wuni a nawa, kana sane da abin da zan yi da ita. Kunya ta kama ni. Na ba shi duka, na zauna da shi har ta haɗu."

Badamasi ya ce, "Ka kyauta."

Sabi'u ya ce, "Ban gama ba. Da tushenka ya koyi haɗawa. Daga nan ya nemo tushen wata manhaja mai karanta rubutu da murya, ya rage mata nauyi irin yadda ka yi, don ɗalibansa. Yanzu duk abin da ya fito a allo faɗarsa take yi. Miƙo hannunka."

Ya kama hannun Badamasi ya ɗora a kan maɓallai. Yatsun nan ba su manta ba, suka nemi wurinsu da kansu. Ya danna harafi, sai wata murya ta fito daga 'yar lasifika, a shaƙe kamar mai mura, ta faɗi harafin. Ya danna wani, ta faɗa. Ya rubuta umarni guda, da gangan ya yi shi ba daidai ba. Kwamfuta ta karanto masa kuskuren tiryan-tiryan. Allahu Akbar! Hawaye suka zubo masa, ya bar su suna zuba, hannunsa bai bar kan maɓallan ba.

Da ya samu bakin magana, kun san abin da ya fara cewa? Ya ce, "Malam Sabi'u, ka zo mini da tushenta?"

Sabi'u ya yi dariya. Ya ciro faifai ya sa masa a tafin hannu ya ce, "Ga shi, Malam Haladu ya ce a kawo maka. Cikakke ne."

Badamasi ya sake buɗe shagonsa. Da kunne ya ci gaba da haɗa manhaja, da kunne yake jin kuskure ya gyara, da guminsa ya ci gaba da ciyar da gidansa har Allah ya karɓi abinsa. Bai yi arziki ba, kada wani ya fita ya ce na ce ya yi arziki. Amma bai mutu yana jiran a aiko masa ba.

To jama'a, ku dubo ni. Da ya goge layukan nan, da ya ci aikin makarantu, ba shakka. Da ilimin ya tsaya a shagonsa, ya makance tare da shi. Abin da ya saki don tsoron Allah, ba mai gani, ba mai kai shi ƙara, shi ya zaga ya zaga ya dawo ya same shi a zaure ranar da ba shi da mafita. Kuma ko da bai dawo masa a duniya ba, yana nan a ajiye a wurin da ba a asara.

Darasin a fili yake. Sharaɗin da ka karɓi abu a kansa alkawari ne, ko mai shi yana wata duniya, ko bai san da zamanka ba. Kuma bayarwar da aka yi wa zagon ƙasa ba bayarwa ba ce, ha'inci ne. Kai bakanike, da in an zo wurin ɗaura abin da ya fi muhimmanci sai ka aiki mai koyo sayen ruwa, da kai nake. Kai tela, da ka koya ɗinki ka ɓoye yanka, da kai nake. Ke Hajiya a bayan labule, da maƙwabciya za ta tambaye ki yadda kike haɗa yajin nan, ki lissafa mata komai ki rage guda, kada ki yi dariya, da ke nake. Har mu masu zama a kan buzu ban cire mu ba. Duk abin da ka iya, wani ne ya zauna ya koya maka, kuma bai rage ba. In za ka bayar, ka bayar cikakke. In wanda ka ba ya kasa, tashi ka je ka zauna da shi har abin ya haɗu a hannunsa, ko da ka san gobe zai buɗe shago kusa da naka. Arzikinka ba a hannunsa yake ba.

Allah ya sa mu cika alkawarin da ba mai tambayarmu shi sai Shi. Allah ya tsare hannayenmu daga rage abin da aka ba mu amana. Ku ce amin, a tashi a gyara sahu.